Ƙafar Bravo One a bayan injin doki 600, zata jure kuwa?

Alhaji barka da warhaka, naga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu zama don ba amsar layi biyu bace. Kace an turo maka hotunan wani jirgin gudu tokumbo daga Amurka, tsawonsa kusan mita 9, inji ɗaya, MerCruiser 502 da aka ɗora ma sufacaja, wato na'urar dake cusa ma inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru, mai sayarwa yace yana bada ƙarfin doki 600, kuma ƙafar dake bayansa, wato sashen dake kai ƙarfin inji zuwa farfela, Bravo One ce wadda ya fito da ita daga kamfani ba'a canza ba. Niyyarka ka riƙa fita dashi a Legas, wuraren shaƙatawa na bakin teku irin Tarkwa Bay da Ilashe, kai da iyali da abokai, shine kake tambaya ko ƙafar zata ɗauki wannan injin.

Gaskiyar magana a yadda yake ɗin nan bazata daɗe ba. Zata iya kaika kwana ɗaya, zata iya kaika wata shida, ya danganta da hannun dake kan totur, amma ba haɗin da zan bar mutum ya ɗora 'ya'yansa a kai ya nufi bakin teku bane. Bari in maka bayanin dalili dalla-dalla saboda idan ka gane abinda ke kashe ƙafa, kai da kanka zaka iya yanke hukunci akan wannan jirgin da duk wani da za'a kawo maka gobe.

Akwai masu karatu da injin kwale-kwale kawai suka sani, irin Yamaha ɗin da ake ratayawa a bayan jirgi a Yawuri ko Lakwaja, inji da ƙafa da farfela duk a jiki ɗaya. Wannan da muke magana ba haka yake ba. Injin kamar na mota ne, babban V8, yana zaune a cikin jirgi, sai ƙafar kaɗai take leƙowa waje ta bangon baya, ita ake juyawa hagu da dama, ita ake ɗagawa da saukewa. Turawa suna ce mata sitan-diraif, mu a gareji ƙafa kawai muke cewa. Wani injiniya Ba'amurke Jim Wynne ne ya kai ma Volvo Penta tsarin, suka fito dashi a bajekolin jiragen ruwa na Niyok a 1959 da sunan Aquamatic, sai Mercury suka biyo da MerCruiser a 1961. Ita Bravo ɗin ta Mercury ce, wajen 1988 ta fito, lokacin da injunan da ake sa mata basu kai rabin haukan na yanzu ba.

Toh ka bi hanyar da ƙarfin yake bi. Daga bayan inji ya shiga kofla, wato mahaɗin inji da sandar ƙafa, daga nan sanda ta ratsa boris ɗin dake cikin bangon jirgi, ta shiga kuros guda biyu irin na farfelar mota, sannan ya isa giyar sama, a nan ya karya kwana ya gangara ƙasa ta sandar tsaye, ya sake samun wata giyar a ƙasa ya sake karya kwana, sannan ya fita ta sandar farfela. Kwana biyu kenan, kuma kowace kwana haƙoran giya ne ke ɗaukarta, duk a cikin kwanson alminiyam da dole ya zama siriri don kar ya riƙe ruwa. A Bravo kulocin gaba da baya ma a saman yake, wani ƙarfe ne mai siffar mazurari dake shiga cikin giyar gaba ko ta baya ya kama, wato giyoyin saman an rarake cikinsu don kulocin ya samu wurin zama, kaga tun daga nan naman ƙarfen ya ragu. Na sha ɗora giyar saman nan a tafin hannuna in nuna ma masu jirgi, in ce musu ga abinda ke ɗauke da dokinku 600. Yawanci shiru suke yi.

Kamfanin da kansa bai ɓoye iyakar kowace ƙafa ba. Alpha One zuwa doki 300 ne. Bravo One ta asali zuwa 400. Bravo One X zuwa 450, ita aka riƙa haɗawa da injin 496 Mag HO mai doki 425. Bravo One XR ta Mercury Racing zuwa 600, ita aka riƙa sawa a bayan injin 525 EFI. Shi 502 Mag ɗinka da doki 415 ya fito, wato tun yana sabo ya ma ɗan haura iyakar ƙafar, sai kuma wani yazo ya ƙara masa kusan doki 200 ya bar ƙafar yadda take. Kamar ka ɗauki jakin da buhu biyu ne ƙarfinsa ka ɗora masa uku ka kuma ce ya yi sukuwa.

Amma lambar doki ba ita ce ainihin mai kisan ba, wannan ne wurin da mutane da yawa suke kuskure. Haƙorin giya bai san doki ba, abinda yake ji shine ƙarfin murɗawa, wanda makanikai ke ce ma tok. Lissafinsa da sauƙi, ka ninka doki da 7121 ka raba da juyin inji a minti, zai baka murɗawar a ma'aunin Newton-mita. Doki 415 a juyi 5000 zai baka wajen 590, kamar a rataya kilo 60 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Doki 600 a juyi 5000 zai baka wajen 855, kilo 87 kenan, ƙaton mutum ya tsaya da duk nauyinsa akan sifanar. Kuma da yake yawancin ƙafafun nan inji yana juyi ɗaya da rabi kafin farfela ta yi ɗaya, kafin ya isa sandar farfela ya zama kamar kilo 130, a jikin sandar da kaurinta inci ɗaya ne. Wannan fa ba sau ɗaya bane, a juyi 5000 kowane haƙori na ƙaramar giyar yana shan wannan matsin sau 83 a daƙiƙa ɗaya, sau 300,000 a awa. Shi yasa injin dizal mai doki 400 a juyi 3000 yafi wahalar da ƙafa akan na fetur mai doki 400 a juyi 5000, na dizal ɗin murɗawarsa ta kusa 950 shi kuma na fetur 570, lambar doki ɗaya amma azabar ba ɗaya ba.

Sai ka tambayi mai sayarwa wane irin sufacaja ne, don wannan ma yana da tasiri. Irin su Whipple masu murɗa iska kamar sukurya tun daga ƙasan juyi suke cika inji, kana taɓa totur ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Irin su ProCharger kuwa masu fanka, sai juyi ya hau suke kawo ƙarfi, don haka sunfi sauƙi ga ƙafa a lokacin tashi. Kuma lokacin tashi shine lokacin da ƙafa ke shan mafi nauyin aiki, jirgi yana nutse a ruwa, hancinsa a sama, yana ture ruwa kamar garma, farfela ta kama ruwa sosai bata zamewa. Mutum ya cika tanki, ya ɗauko mutum takwas da kula biyu ta lemo da injin gasa nama, sannan ya danna totur har ƙasa lokaci ɗaya don abokai su ji daɗi, wallahi a wannan daƙiƙoƙin biyar ko shida ake cin rabin rayuwar giyar sama. Jirgi mara nauyi mai inji biyu kowace ƙafa rabin kaya take ɗauka, naka kuwa ƙafa ɗaya ce da jirgin kusan mita 9 a wuyanta. Na ga ƙananan jirage marasa nauyi suna yawo da doki 600 akan Bravo shekara da shekaru, na kuma ga masu nauyi suna fasa ta da doki 500.

Abinda yafi tashin ma muni shine tsalle. Akwai wani bawan Allah da nake yi ma aiki, jirginsa kusan irin wannan da kake magana, ranar wata Lahadi ya fita ta mashigar teku inda ruwan lagun ke haɗuwa da na teku, wurin da igiyar ruwa ke tasowa, yana gudu yana hawa igiya jirgin yana tashi sama gaba ɗaya har farfela ta fita daga ruwa, shi kuma hannunsa na kan totur a danne. Idan farfela ta fita ruwa babu abinda ke riƙe ta, inji sai ya yi ihu juyi ya haura, sannan jirgi ya faɗo farfela ta caki ruwa tana wannan gudun, ruwa ya riƙe ta kamar an taka burki, amma inji da nauyin ƙarafansa basu tsaya ba, toh duk wannan bugun a tsakiya yake ƙarewa, akan haƙora biyu ko uku da suke haɗe a wannan lokacin. Yace min a tsalle na huɗu ko na biyar yaji ƙara kamar an buga guduma a tukunya, inji na ta kuka jirgi baya tafiya. Masu kwale-kwale ne suka jawo shi.

Da muka buɗe murfin sama washegari, warin ne ya fara dukanmu, man giya ya ƙone ya koma baƙi kamar kwalta. Haƙora uku sun gutsure daga giyar gaba, ɗaya ya shiga tsakanin sauran giyoyin ya tsaga kwanson daga ciki har kana iya sa farce a tsagar, sauran kuma sun niƙe sun zama kamar tsakin masara mai ƙyalli, sun bi mai sun gangara har boris ɗin ƙasa. Na sa yaro ya tace man da tsumma, abinda ya rage a tsumman ya kusa cika murfin kwalba. Babu abinda muka tsira dashi a ƙafar nan sai farfela. Kuma ba laifin wanda ya ƙera ta bane, an sa ta aikin da ba nata ba.

Shi yasa a tseren jiragen teku, irin wanda ake yi a Key West duk watan Nuwamba ko irin wanda 'yan Victory Team na Dubai suka shahara dashi, mutum biyu ne a jirgi, ɗaya sitiyari ɗaya totur kawai. Mai totur aikinsa kenan, jirgi na barin ruwa ya ja baya, farfela na taɓa ruwa ya mayar, sau ɗaruruwa a tsere ɗaya. Su da suke da ƙafafun da suka ninka taka ƙarfi basu yarda su bar totur a danne a sama ba. Kai da kake riƙe da sitiyari da hannu ɗaya totur da ɗaya, ka koyi wannan tun a ƙaramin gudu, ko kuma ranar da ruwa ya tashi ka rage gudu ka bi a hankali, babu kunya a ciki.

Sai zafi. Mutane suna ɗauka tunda ƙafa a ruwa take ai tana shan sanyi, alhali idan jirgi ya hau saman ruwa yana gudu rabin ƙafar na sama a waje yake, a busashe, kuma nan ne giyar da tafi shan wahala take. Man dake cikin ƙafar gaba ɗaya bai kai lita 3 ba. A ƙaddara ma kashi 5 cikin 100 ne kawai na ƙarfin ke zama zafi a ciki, a doki 600 doki 30 kenan, wajen kilowat 22, kamar ka jona dutsen guga ashirin ka tsoma su a man da bai cika galan ba. In kaga saman ƙafa ya yi fari-fari kamar an shafa alli, ko fentin ya dushe, zafi ne ya dafa ruwan dake fantsama a kai ya bar gishirinsa. Maganin da ake yi shine shawa, ƙaramin bututu ne da yake ɗebo ruwa daga ƙasa da ƙarfin gudu ya watsa akan murfin sama, bashi da tsada kuma ina sa ma duk jirgin gudun da ya shigo hannuna. Amma a gane, shawa mai take karewa da boris, bata hana haƙori karyewa in an yi tsalle.

Man giya kuwa kar a yi masa rowa. Littafin kamfani yana cewa duk awa 100 ko shekara ɗaya, wannan na injin da ba'a taɓa bane. Mai inji irin naka duk awa 20 zuwa 25 nake ce musu su zubar, ba don man ya mutu ba kawai, sai don shine hanyar da kake leƙa cikin ƙafa ba tare da ka kwance ta ba. Noti na magudanar man yana da maganaɗisu a bakinsa, in ka cire kaga baƙin gari laushi kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne. In kaji abu yana sukar yatsa, ko kaga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ƙaiƙayi, toh fatar haƙoran ta fara ɓarewa, a tsaya nan a buɗe, canza giya biyu yafi sayen ƙafa sukutum. In man ya fito kamar madara ko kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sil, wato robar dake hana ruwa shiga, ya tafi. A sa man da aka yi don wannan aikin, irin High Performance na Quicksilver, kar yaro ya je kasuwa ya auno na difaranshal ɗin mota, kuma daga ramin ƙasa ake ɗura shi yana hawa sama don kar iska ta maƙale. Robar man dake cikin ɗakin inji ka riƙa kallonta kafin kowace fita, in tana raguwa akwai inda yake bi.

Nasan abinda zaka ce, toh in sayi XR mana tunda ita 600 aka rubuta. Eh tafi, amma ka san abinda kake saya. Giyar saman Bravo ta asali da ta X haƙoranta a karkace suke, suna shiga juna a hankali, basu da ƙara kuma suna daɗewa matuƙar ba'a wuce ƙarfinsu ba, in an wuce sai su karye farat ɗaya. Na XR haƙoran miƙaƙƙu ne, manya, kaɗan, suna shan bugu basu karye ba, ga sandar farfela mai kauri inci ɗaya da kwata, amma suna kuka, kuma fuskar haƙorin tana saurin ɓarewa. A abinda na gani, a bayan inji mai doki 425 giyar X tana iya fin ta XR daɗewa, a bayan mai 600 kuwa XR ce zata kai ka gida amma ka sa a ranka giyarta kayan canji ce kamar taya, ana buɗewa a duba duk shekara. Kuma 600 ɗin iyaka ce, kai a bakin iyakar zaka zauna kullum da jirgi mai nauyi.

Daga nan sai manyan. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan a Amurka, Teague suna ƙarfafa Bravo, IMCO suna da SCX wadda giyar samanta tafi ta Bravo girma nesa ba kusa ba kuma tana hawa mazaunin Bravo da ɗan canji, sai dai tana da nauyi tana kuma cin ɗan gudu, Konrad ma suna da tasu. Sama da haka sai a bar tsarin Bravo gaba ɗaya. Number Six ta Mercury Racing babu kuloci a cikinta sam, giyabos daban ake sawa tsakanin inji da ƙafa, sandunan tsaye biyu ne suke raba kayan, man kuma famfo ke watsa shi giyoyin basa iyo a ciki. Da suka fito da injin doki 1350 a 2010 sabuwar ƙafa suka yi masa, M8, basu ce a lallaɓa da tsohuwa ba. Arneson kuwa sanda ce kusan miƙaƙƙiya ta fita ta baya farfela rabi a ruwa rabi a waje, babu karya kwana biyun nan. Duk waɗannan suna jurewa, amma kafin ka sa ɗaya a jirginka sai an matsar da inji gaba ko an sake aikin bangon baya, kuɗin zai iya fin na jirgin, sannan duk abinda ya lalace sai ka jira shi daga waje. Ga mai zuwa Ilashe ranar Asabar wannan ba hanya bace.

Farfela ma tana da hannu a ciki. Mai fuka-fuki biyar ko mai tsayin taku da yawa tana kama ruwa ƙam, daɗin tuƙi amma duk abinda bata zame ba giya ce ke biya. Mai uku ko huɗu tana ɗan zamewa a tashi, wannan zamewar rahama ce ga ƙafa. In farfela ta yi ma inji nauyi har baya kai juyin da aka tsara masa, kana wahalar da inji da ƙafa a tare. Sai ɗaga ƙafa, wato tirim, a tashi a sauke ta ƙasa gaba ɗaya, jirgi ya hau ruwa sannan a ɗaga kaɗan kaɗan, in ka ɗaga da yawa kuros suna aiki a karye suna cin kansu, kuma kar a taɓa bada wuta ƙafa tana can sama a matsayin da ake ɗaga ta in za'a ja jirgi a kan tirela. Sa giya kuma sai inji yana salo, wajen juyi 600 zuwa 700, a sa da sauri lokaci ɗaya, injunan da aka yi ma aiki suna son salo mai tsayi kusan 1000, wannan yana cin kulocin, zaka fara jin jinkiri kafin giya ta kama.

Akwai abu ɗaya da yafi giya tayar min da hankali, shine zoben da ƙafar ke rataye a jiki, wanda sitiyari ke juyawa ta wani fil a sama. Giya in ta fashe jirgi tsayawa yake. Zoben nan in ya yi sako-sako ko ya tsage ana gudun kilomita 110, ƙafa juyawa take gefe ɗaya jirgi ya wulwula ya zubar da mutane. Ka tsaya a bayan jirgin ka kama ƙafar da hannu biyu ka girgiza hagu da dama, in tana motsi sitiyari bai motsa ba akwai matsala. Duk jirgin da ke wuce mil 65 zuwa 70 a awa sitiyarin haidurolik na waje ya kamace shi, mai sanduna biyu da suke riƙe ƙafar daga baya, irin na Latham ko IMCO. Ka duba hotunan da aka turo maka, in babu su toh wanda ya ƙara ma injin nan ƙarfi gudu kawai ya sani.

Ruwan Legas kuma yana da nasa. Jirgin da ya yi rayuwarsa a tafkin ruwan daɗi kamar Lake of the Ozarks a Misuri, yazo lagun mai gishiri-gishiri, in aka barshi a ruwa alminiyam zai fara ci, musamman ga farfelar sitenles a kusa. Ƙarafan sadaukarwar dake jikin ƙafa, waɗanda ake sawa don su ruɓe a madadinta, in na magniziyam ne na ruwan daɗi a canza su zuwa na alminiyam ko tutiya, kar a shafa musu fenti, kuma in da hali a riƙa fitar da jirgin a wanke da ruwan famfo. Ga leda, ga kainuwa a lokacinta, ga gungumen katako da ke yawo ta wajen Ebute Metta, ga zaren kamun kifi da yake naɗewa bayan farfela ya yanka sil a hankali ba ka sani ba, don haka a riƙa cire farfela ana dubawa. Sannan robobin nan masu kama da zugazugin maƙera guda uku dake tsakanin ƙafa da jirgi, na kuros da na hayaƙi da na wayar giya, rana da shekaru suna fasa su, na kuros in ya fashe ruwa zai cinye boris da kuros, kuma ta nan jirgi ke nutsewa a inda aka ɗaure shi cikin dare. Jirgin tokumbo ko ya suka yi kyau a ido ni sabbi nake sawa.

In har ranka na kan jirgin nan, kar a biya sai wani makanike da ba na mai sayarwa ba ya je ya yi waɗannan a gaban kyamara. Ya zubar da man ƙafa a farin roba ya nuna maganaɗisun kusa. Ya yi gwajin matsin iska da na zuƙa ya ga ko ƙafar tana riƙewa bata yoyo. Ya buɗe murfin sama da na baya ya haska haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya sa agogon awo a sandar farfela ya juya a ga ko ta lanƙwashe. Ya zare ƙafar gaba ɗaya, aikin ƙasa da awa ɗaya ne, ya duba ko akwai ruwa ko tsatsa a cikin roban kuros, ya juya boris ɗin bango da yatsa, ya zura sandar alaimen, wadda ake gwada saitin inji da ƙafa da ita, in daidai take da yatsa biyu zata shiga ta fito, in sai an buga toh inji ya zauna a karkace kuma kofla tana kan hanyar tafiya. Kar ka yarda da sitika, ana sayar da sitikar XR a manna ma kowace ƙafa, lambar jikinta da haƙoran cikinta ne shaida. Awannin inji kuma a karanto daga kwamfutar injin, ba agogon dashbod ba.

Ni da nine kai, ɗaya cikin biyu zan yi. Ko in nemi irin wannan jirgin da 496 Mag HO da Bravo X da ba'a taɓa su ba, wanda zai baka gudun da ya ishi iyali ya kuma yi shekaru in ana canza mai, ko in sayi wannan da sharaɗin a rage kuɗin XR da sitiyarin waje daga farashin, in kuma sa a rage matsin sufacajan. Dama akwai maganar fetur, injin da aka ɗora ma sufacaja fetur mai lambar inganci, wato oktan, 91 ko 93 a lissafin Amurka yake so, kuma lissafinsu ba irin namu bane, 91 ɗinsu wajen 95 ne a namu, ga man jarka da ake saya a bakin ruwa wanda baka san me aka zuba a ciki ba, fistin zai iya narkewa tun kafin ƙafar ta ce komai.

Ka turo min hoton bayan jirgin daga kusa, da lambar dake jikin ƙafar, da hoton maganaɗisun in sun yarda sun zubar da man, sai kuma sunan sufacajan da girman fulin dake kansa, wato faifan da bel ke juyawa, in sha Allahu zan gaya maka nawa ya kamata a rage.